Zane Kan Tona Abin Da Jerin Sunaye Ke Ɓoyewa

In ka tambayi dattijo a Getso ko Garo hanyar wata ruga, ba zai cika ka da bayani ba. Kara zai ɗauka ya zana maka a ƙasa: ga rafi, ga tsamiya, ga mararraba. Wannan dabara ce aka faɗaɗa ta koma taswirar tunani, wato a kafa batu a tsakiyar takarda, a fitar masa da rassa, kowane reshe da abin da ya rataya a kansa. Tony Buzan na Ingila ya yayata salon a talabijin ɗin BBC a 1974, amma amfaninsa bai tsaya ga ɗalibin Turai ba.

Babbar fa'idar zane ita ce fallasa giɓi. Jerin sunaye ba ya nuna maka abin da ka manta, a taswira kuwa wurin da ba a taɓa ba yakan fito fili. Yaƙi da cutar shan inna a Kano ya tabbatar da haka. Masu rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirar hannu, amma da aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam wajajen 2012, sai ga unguwanni da rugage da ba sa cikin lissafi. Rabon Kano da nau'in cutar na asali tun 2014 a Sumaila, kuma a 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da shi. Ɗauki ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, kowacce mazaɓu 10 gare ta. Mai tsara rabon taki ko haƙa rijiyoyi daga Kutama zuwa Gude yana buƙatar irin wannan ido, haka ma ɗalibin da ke bitar tarihi ko fiƙihu kafin jarrabawa.

Wasu za su ce da hadda aka san mu, zane ɓata lokaci ne. Ai hadda na adana lafazi, zane na nuna dangantaka, ba kishiyoyi ba ne. Wasu kuma za su ce taswira na iya ɓatarwa. Haka ne, ita ma taswirar hannu ta masu rigakafi ta tsallake rugage. Sai dai kuskuren da ke kan allo kowa na iya nuna shi da yatsa a gyara, wanda ke cikin kan mutum ɗaya kuwa ba mai ganinsa.

Alli da allo sun isa. Malamai da masu unguwanni, ku zana kafin ku yanke shawara.