Bashe Tana Tari A Hanya: Kafin A Sauke Inji, A Duba Tanki

A cikin bazarar bara, wata ranar Talata da azahar, na tarar da wani dattijon ɗan kasuwa, aminin mahaifina, zaune a gindin bagaruwa tsakanin Malbaza da Tsarnawa, ya yi tagumi. Ga motarsa can gefen kwalta, tsohuwar Peugeot 504, irin wadda muke kira bashe, maƙwabtanmu na Nijeriya kuma suke kira a-kori-kura. An ɗage mata murfin inji, bayanta kuwa shaƙe da buhunan albasar Galmi. Niyyarsa ya kwana Birnin Ƙonni domin ya yi sammakon kasuwar Laraba. Na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗana, ina fa lafiya! Tun da muka baro Galmi sau huɗu ke nan tana yi mini haka. Da direba ya taka mata wuta sai ta kama tari, ta yi fizga, ta mutu. In ta ɗan huta kuma sai ta tashi garau, kamar ba ita ba."

Albasa ba ta jure zama cikin buhu a ranar watan Afrilu. Bai shiga kasuwa ba sai da ta fara watsewa, ya karyar da kayansa ya dawo. A satin nan wani mai gyara ya saurari motar, ya yanke hukunci cewa zobban fistan sun cinye, sai an sauke inji. Aka sauke, aka sayi kaya, motar ta yi kwana goma a garaji, albasa kuwa tana ta fita daga gonaki a motocin wasu. Ranar da aka fito da ita ta je ta tsaya kusan inda ta tsaya da fari. Daga baya wani tsohon makaniki na Ƙonni, wanda ko taɓa injin bai yi ba, ya sa yaransa suka kwance tankin mai suka zazzage shi. Abin da ya fito: tsatsa cikin tafin hannu, ruwa kamar cikin kofin shayi, da wani guntun leda wanda bai wuce faɗin ƙwandalar dala ashirin ba. Leda ce irin wadda ake ɗaure bakin kwalbar isansi da ita. Idan inji ya ja mai da ƙarfi sai ta manne a bakin bututu ta toshe shi. Idan ya mutu sai ta saki, ta koma yawonta cikin tanki.

Na kawo wannan labari ne domin ba a kansa farau ba. A ganina, a ƙasarmu ta Adar, tarin tsohuwar mota da raguwar ƙarfinta sun fi yawan farawa daga tanki, ba daga cikin inji ba. Mai mota kuwa, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati da bai taɓa riƙe sufana ba, yana iya tsare aljihunsa idan ya lura da lokacin da ciwon ke tashi.

Waɗannan motoci da yawansu daga Kaduna suka zo mana, inda kamfanin Peugeot na Nijeriya ya fara haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta. Shi ya sa makanikin Ƙonni baki biyu gare shi: abin da zai kira buji a gabanka, shi zai kira fulogi idan ya tsallaka Illela ta Nijeriya sayen kaya (kada baƙo ya haɗa ta da Illelarmu ta wajen Badagishiri, suna ne kawai ya zo ɗaya). Tun da darajar sefa ta faɗi da rabi a watan Janairun 1994, kayan gyara na Faransa suka gagari talaka, aka koma ga na gwanjo da na kwaikwayo. Man da motocin suka sha shekara da shekaru kuwa, kowa ya san ta inda ya shigo: a jarka, a bayan babur, ta hanyoyin daji, zuwa teburin ƴan ruwa-ruwa.

Ba na cewa man kwalba duka gurɓatacce ne, ko na gidan mai duka tsarkakakke ne. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur Nijeriya daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, a gidajen mai aka sayar da shi, ya kuma lalata motocin mutane. Illar man kwalba ita ce yawan hannun da yake bi: daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, kowane juyi da rabonsa na ƙura da ruwa. Al'amarin ya ƙara tsanani tun da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin ƴan kwanaki. Man sumoga ya ja baya, nauyi ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a yini, har aka kai ga dogayen layukan watan Maris na 2025. Lokacin ƙarancin mai kuwa shi ne lokacin da ake kankare gindin duro, direba kuma yana tafiya da tanki kusan wayam, famfon mai yana tsotsar laka da ruwan da suka daɗe kwance a ƙasa.

Gwajin mai ba ya bukatar kuɗi. A zare tiyon da ke shiga karbirato, a tara man a farar kwalba, a ajiye ta minti biyar. Ruwa ya fi isansi nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙuru-ƙuru. A ɗiga kaɗan a farar takarda: isansi na gari yana bushewa bai bar shaida ba, wanda aka gauraya da kananzir ko gazuwal yana barin tabon maiƙo. A kuma dubi yadda man ke fitowa sa'ad da ake murza inji. Famfo mai lafiya yana tofo shi da ƙarfi, bugu-bugu. Idan ɗiga yake yi, to, ko matatar mai ta toshe, ko fatar famfon ta tsage, ko hanya ta cushe tun daga tanki. Inji ya zama a sanyaye, kuma ba mai sigari a kusa.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace amfani: yaushe take tarin? Motar da ke aiki lafiya a tsaye, amma ta shaƙe idan an ɗora mata kaya ko ta fuskanci hawa irin na tuddan Adar, yunwar mai ce ke damunta, domin a nan ne inji ya fi bukatarsa. Wadda ke mutuwa bayan tafiya mai ɗan nisa, a buɗe murfin tankinta nan take: idan aka ji ya ja iska, ƴar ƙofar numfashin murfin ce ta toshe, tanki ya riƙe mai ya hana shi fita. Wadda kuma ba ta gardama sai da tsakar rana a Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ya haura digiri 40, sau da yawa man ne ke tafasa cikin bututu ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Tsumman da tsofaffin direbobi ke jiƙawa su naɗe famfon mai da shi ba camfi ba ne. In an jiƙa ta tashi, an gano ciwon. In ba ta tashi ba, a taɓa bobin, wato tukunyar da ke haifar da wutar buji: wadda ta gaji tana yin zafin da hannu ba ya jurewa, ta yanke wuta, sai ta huce ta dawo aiki.

Wuta ita ce ta biyu a zargi. A cikin delko, mai raba wa bujin wuta, akwai ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, waɗanda masu gyara ke kira bis-filatine. A 504 ratar da ke tsakaninsu milimita 0.4 ce, idan ta matse ko bakinsu ya ƙone, sai mota ta riƙa tsallake bugu tana harbi ta salansa. Kusa da su akwai kondansater, ɗan abu kamar guntun yatsa, wanda na kwaikwayonsa ya cika kasuwa, har sabo fil yakan mutu cikin sati. Wannan ne ya sa ba na yarda da maganar "ai jiya muka sa sabo". Su kansu bujin shaidu ne: mai launin ƙasa-ƙasa lafiya, mai baƙin toka a bushe mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, mai jiƙe da baƙin mai kuwa shi ne ke nuna ciwo a cikin inji. Zancen iska gajere ne: da hunturu, a hanyar jar ƙasa, matatar iska tana cika da ƙura, mota ta yi nauyi tana fitar da baƙin hayaƙi. Masu tsohuwar matata mai kwanon baƙin mai a ƙasa su wanke ta su sake man. Cire ta gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi wai don mota ta numfasa, ciyar da inji yashi ne.

Masu Toyota Hilux mai gazuwal ba su da buji irin wannan, ba su da karbirato, amma ruwa ya fi yi musu ɓarna, domin famfon gazuwal tsadarsa ba ta wasa ba ce. A gindin matatar mansu akwai ɗan kusa na tsiyaye ruwa, a samanta kuma akwai madannin hannu na fitar da iska. Tiyo ɗaya mai ƴar tsaga ya isa ya shigar da iska ya sa motar fizga alhali ko ɗigon mai ba a gani a ƙasa ba.

Akwai kuma raguwar ƙarfin da ba ruwan inji da ita. Idan an taka wuta inji ya yi ruri amma mota ba ta ƙara gudu ba, ga warin ƙauri, faifan kuloci ne ya cinye, galibi saboda lodin da ya wuce kima. Wanda ya ga yadda ake ɗora wa bashe siminti ko albasa ba ya bukatar a yi masa bayani.

Inji na tsufa, ba musu. Alamunsa su ne shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai kullum, ko farin hayaƙi mai kauri tare da ƙarewar ruwan lagireto. Ko a nan ma akwai ma'aunin matsi da ake ɗaurawa a ramin buji, ya nuna ƙarfin kowace silinda cikin minti ashirin. Haƙƙin mai mota ne ya ce a gwada a gabansa, ya ga lambobin huɗu da idonsa, kafin a kwance kusa ko ɗaya. Aminin mahaifina bai san da wannan ma'auni ba sai bayan ya biya. Da na sake ganinsa a Tsarnawa bayan damina, bashen tana nan tana aiki. Ya sa mata matatar mai biyu a jere, kuma a bayan kujerar direba akwai mazurari da ƙyallen tata, waɗanda ba ya yarda a zuba masa ko lita ɗaya sai ta cikinsu.