ƘWAYA ƊAYA, MAGANI BIYU: GARGAƊI GA MASU HAWAN JINI

'Yan'uwa manoma, akwai wata tambaya da masu hawan jini su kan yi mana sau da yawa. Su kan ce, "A dā ƙwaya biyu a ke ba ni a asibiti, yanzu kuwa sai ɗaya. An rage mini magani ne?" Amsa ita ce a'a. Ƙwayar ce ɗaya, amma magani biyu ne a cikinta, wani lokaci ma uku.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga manomi. Dukanmu mun san takin NPK. Buhu ɗaya ne, amma abinci iri uku ne na shuka a ciki, lambobin da ke jikin buhun kuma, kamar 15-15-15, su ne ke faɗin yawan kowanne. Wanda ya san abin da ke cikin buhunsa ya kan ci riba. Wanda bai sani ba, ya zuba NPK ya ƙara da yuriya ba awo, shi ne kan ƙone masararsa da hannunsa. Haka batun wannan ƙwaya ya ke.

Bari mu tuna wa juna ko mene ne hawan jini. Masu noman rani za su gane da sauri. Zuciya kamar injin ban ruwa ce, jijiyoyi kuwa su ne tiyo. Idan tiyo ya matse, ko ruwa ya yi yawa, sai ƙarfin turi ya hau, injin ya wahala, wata rana kuma tiyo ya fashe a inda ba shi da ƙwari. Idan an auna mutum a ranaku biyu dabam dabam aka sami 140/90 ko fiye, yana da hawan jini. Mugun abin shi ne yawancin masu shi ba su jin kome. Mutum yana huɗa, yana cin tuwonsa, sai rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, ko zuciya ta kumbura, ko ƙoda ta gaza. Gidan da mai noma shi ya kwanta a tsakiyar damina, ba sai mun faɗi yadda rumbunsa zai kasance da kaka ba.

DON ME A KE HAƊA BIYU?

Gama yawancin masu hawan jini magani ɗaya ba ya isarsu. Magungunan da aka fi bayarwa a asibitocinmu gida uku ne, kowane da hanyar aikinsa. Za mu rubuta sunayensu daidai yadda su ke a jikin kwali domin ku iya ganewa. Akwai amlodipine, wanda ke saki jijiya ta buɗe, watau ya faɗaɗa tiyo. Akwai hydrochlorothiazide, wanda mutane ke kira maganin fitsari, shi kan fitar da gishiri da ruwa, watau ya rage abin da ke cikin tiyon. Sa'an nan akwai waɗanda sunansu ke ƙarewa da "pril", kamar lisinopril, da masu ƙarewa da "sartan", kamar losartan da telmisartan. Su waɗannan suna tare wani saƙo ne da ke tasowa daga ƙoda yana sa jijiyoyi su tsuke.

Likitoci sun gane cewa kaɗan daga gida biyu ya fi saukar da jini a kan mai yawa daga gida ɗaya, damuwarsa ga jiki kuma ta fi sauƙi. Ga shi kuma ƙwaya ɗaya ta fi biyu sauƙin tunawa. Domin wannan, a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan ƙwayoyi masu haɗi guda huɗu cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada, a 2021 kuma ta shawarci ma'aikatan lafiya su riƙa amfani da su.

Akwai wani bincike da ya shafe mu kai tsaye. A 2019 aka buga sakamakonsa, wani likitan zuciya na Jami'ar Abuja, Dike Ojji, shi ya shugabance shi. An gwada haɗi iri uku a kan baƙaƙen fata 728 a ƙasashe 6 na Afirka, har da Nijeriya da Kamaru, har wata 6. Aka tarar haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini a kan wanda babu shi. Saboda haka kada ku yi mamaki in kun ga sunan nan a yawancin kwalayen da a ke ba mu.

KA SAN SUNAYE BIYUN NAN

Nan ne zancen ya ke. Babban sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, sunan kamfani ne, ya kan sāke daga wannan kanti zuwa wancan. Ƙananan sunayen da ke ƙarƙashinsa su ne ainihin maganin. Lambobi kamar 5/50 kuwa, su ne 15-15-15 na wannan buhu: na fari awon magani na ɗaya, na biyu awon na biyu. Wanda bai iya karatu ba, ya sa ɗansa ko sakataren ƙungiya ya kwafe masa sunayen da lambobin a takarda, ya ajiye tare da katin asibiti.

Ga dalili. A ce an sāke wa wani dattijo magani, an ba shi ƙwaya mai amlodipine da losartan. Ya koma gida ya tarar da sauran tsohon amlodipine a gwangwani. Da ya ke kuɗi ya sa ya saya, ba ya son asara, sai ya haɗa duka yana sha. To, ya ninka amlodipine ke nan bai sani ba. Jini zai iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, jiri ya kwashe shi a bakin rijiya ko a kan tsanin rumbu. Duk ran da aka sāke maka magani, ka kai dukan tsofaffin kwalaye asibiti a leda, ka tambaya wanne za ka bari.

Akwai kuma haɗin da ba a yi. Ba a shan mai "pril" tare da mai "sartan", gama aikinsu kusan ɗaya ne, taruwarsu kuma kan cuci ƙoda. Haka nan Moduretic, wanda da yawa cikin tsofaffinmu sun daɗe da saninsa. Shi ma haɗi ne, amiloride 5 da hydrochlorothiazide 50. Amiloride ya kan riƙe fotasiyam a jiki, watau wannan K na cikin NPK, "pril" da "sartan" su ma haka su ke yi. In sun gamu ba tare da awon jini ba, fotasiyam kan iya yin yawa har ya rikita bugun zuciya. Likita kaɗai ke da ikon haɗa su, shi ma sai yana duba jini.

Kada kuma ka raba ƙwaya biyu domin ka rage ɗaya daga cikin magungunan, ko domin ta kai ka ƙarshen wata. In ka raba, dukansu biyu ka rage. Wannan shi ne aibin ƙwaya mai haɗi, ba mu ɓoye muku ba: ba a iya taɓa ɗaya a bar ɗaya. In wani a ciki bai karɓe ka ba, sai a sāke maka haɗin gaba ɗaya.

RANA, GUMI, DA MAGANIN CIWON JIKI

Wannan sashe mu ke so ku karanta sau biyu, gama ya fi shafar manomi a kan ma'aikacin ofis.

Mun san al'adarmu. An wuni ana noma, baya ya riƙe, gwiwa tana ciwo, da yamma sai a biya kemis a ce, "A haɗa mini na gajiya." A ƙulla wa mutum ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna ba kwali. Yawanci a ciki akwai ibuprofen, ko diclofenac, ko piroxicam. Waɗannan suna hawar da jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna kuma rage jinin da ke isa ƙoda. Yanzu ku duba mutumin da ke shan ƙwaya mai "pril" ko "sartan" haɗe da maganin fitsari. Ya wuni a rana yana gumi, bai sha ruwa sosai ba, ga maganin fitsari ya rage masa ruwan jiki, da dare kuma ya ɗora na gajiya. Abu uku sun taru a kan ƙoda a lokaci guda. Ta haka ƙodar mutum mai ƙarfi kan tsaya cikin 'yan kwanaki, wankin ƙoda kuwa ba abin da amfanin gona ɗaya zai iya biya ba ne.

Haɗin da kamfani ya yi bisa awo dabam, haɗin mai kemis ko mai talla a kasuwa dabam. In jiki na ciwo, paracetamol ya fi lafiya ga mai hawan jini, a sha bisa ƙa'ida. In ciwon ya ƙi tafiya, a je asibiti a nuna takardar nan mai sunaye biyu.

A tafi gona da gorar ruwa, a riƙa sha ba sai ƙishi ya kama ba. Wanda ya daɗe a sunkuye yana shema ko cira, ya miƙe a hankali, musamman a makonnin fari na sabon magani. In kuwa zawo ko amai ya kama mai shan irin wannan ƙwaya, ya sha ruwan gishiri da sukari kamar kowa, kada ya ji tsoron gishirin a wannan hali, ya kuma aika wa malamin asibiti a ranar. Sau da yawa a kan ce ya dakata da ƙwayar kwana ɗaya ko biyu har ya koma ci da sha. Wanda ya yi niyyar azumi na kwanaki, shi ma ya yi shawara tukuna a gyara masa lokacin sha.

GA MATA

Zumuntar mata, wannan naku ne. Duk ƙwayar da ke da "pril" ko "sartan" a ciki, mai ciki ba ta sha. Suna lalata ƙodar jariri tun yana ciki, har su kan kashe shi. Mace mai hawan jini da ke neman haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin a rubuta mata magani. Wadda ta ga batan wata tana cikin sha, ta tafi asibiti a wannan rana, kada ta jira ranar awo. Ba za a bar ta haka ba, gama hawan jini a cikin ciki shi ma yana kisa. Akwai waɗanda a ke ba masu ciki, kamar methyldopa da nifedipine. Kada kuma mace ta ɗebi na mijinta don ta ji ciwon kai.

Sauran abubuwan da a kan gani ba su da yawa. Amlodipine kan kumbura idon sawu, musamman da yamma. Masu "pril" kan kawo busasshen tari wanda maganin tari ba ya ji, sai an mai da mutum kan "sartan". Maganin fitsari a sha shi da safe, don kada a kwana ana fita. Waɗannan duka a faɗa a asibiti, kada a bar magani a ɓoye. Amma in leɓe, ko harshe, ko fuska ta kumbura, wannan ba na jira ba ne, gama maƙogwaro na iya toshewa. An kuma lura abin ya fi samun baƙar fata. A daina ƙwayar, a nemi mota nan da nan. Haka kuma in baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure.

Magani ba zai yi aiki sosai ba in tukunya tana yaƙi da shi. Gishirin da babba ke bukata a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a ciki har da na dunƙulen miya. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wannan batu, a rage ta a miya da kunu. Burkutu da taba kuwa, kun riga kun san ra'ayinmu.

SA'AD DA KUƊI SUKA ƘARE

Wannan ƙwaya ba ta warkar da hawan jini, riƙe shi ta ke yi, kamar yadda shinge ke riƙe awaki. In awo ya nuna jini ya sauka, shaida ce magani na aiki, ba izinin bari ba ne. In ka manta ka tuna a ranar, ka sha. In har gari ya waye, ka sha na ranar kaɗai, kada ka ninka.

Amma mun sani ba mantuwa ce ta fi hana mutanenmu sha ba, rashin kuɗi ne, musamman daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da taki ya cinye abin hannu, sabon hatsi kuma bai iso ba. Lokacin ne kuwa aiki ya fi tsanani. A nan ƙungiya za ta iya yin abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Yadda mu ke tara kuɗin taki tun da kaka, haka za a iya ware na magani, a sayi na wata uku ko fiye a wurin da aka amince da shi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kowane kwali. A ajiye a inuwa, cikin takardarsa, ba a aljihu ko ƙarƙashin kwanon rufi ba. In maganin da ka saba ya yanke a kanti aka miƙo maka wani, ka gwada ƙananan sunayen nan da lambobin da na takardarka. In ba su yi daidai ba, kada ka karɓa sai malamin asibiti ya gani.

Ƙungiya kuma za ta iya sayen na'urar awon jini guda ɗaya mai batir, irin wadda a ke ɗaurawa a damtse, a roƙi malamin asibiti ya koya wa mutum biyu, namiji da mace. A ranar taron wata, kowa ya zauna ya huta minti 5 kafin a auna shi, ya jingina baya, hannu a kan tebur, ba magana. Sakatare ya rubuta kwanan wata da lambobi biyun a littafi dabam, ba na bashin taki ba. Wanda ya fara sabon haɗi ya koma asibiti bayan wata ɗaya da lambobinsa a hannu, ya kuma tambaya ko lokacin awon ƙoda ya yi. Wanda na'ura ta nuna masa 180/110 ko fiye, a sāke aunawa, in bai sauka ba a raka shi asibiti a ranar, ko da ya ce lafiyarsa lau.