Ƙaura Zuwa Lamaji: Riba Da Hasarar Falken Shanu A Bakin Gari

Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Babu wanda ya kai falken shanu sanin wannan magana, domin rabin rayuwarsa a kan hanya yake yin ta. To amma akwai bambanci tsakanin tafiyar fatauci, wadda mutum zai je ya komo ya tarar da gidansa inda ya bar shi, da ƙaurar ɗungum, wadda za a kwashi mata da yara da tukwane har da turke a koma wata unguwa. Irin wannan ta biyun ce muke son mu duba a wannan fitowa, musamman yadda ta shafi 'yan'uwanmu na Injamena, babban birnin Chadi, waɗanda suka bar tsakiyar gari suka koma Lamaji.

Me Ya Kai Su Can?

Ga wanda bai san wurin ba, Lamaji unguwa ce a gunduma ta 10, can bakin gari ta arewa, a kan titin da ya nufi Jarmaya, inda aka buɗe matatar mai a 2011, ya zarce Masagat da Masakori. Mutanen birni sun fi saninta da babbar maƙabartar Musulmi da ke wurin. Shi kuwa ɗan kasuwar dabbobi wani abu yake hange daban: wannan titi shi ne mashigar dabbobin arewa da na gabas, kuma a bakin gari ne ake samun filin da za a kafa turke ba tare da an yi ta cacar baki da maƙwabta ba.

Shi birnin kansa kullum cikin faɗaɗa yake. An kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, aka mayar da shi Injamena a 1973. Duk lokacin da ya ƙara faɗi, mai dabba ake fara turawa waje. Bayan yaƙin da aka yi a cikin birnin a watan Fabrairun 2008, hukuma ta rushe dubban gidaje a unguwanni daban-daban. Sai kuma ambaliyar 2022, lokacin da kogin Shari da na Logon suka cika suka batse, unguwanni irin su Waliya suka koma tafki, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba. Ruwan 2024 ma bai yi wa kowa sauƙi ba. Idan aka haɗa da tsadar haya, za a ga ashe ba son rai ne kawai ke tayar da mutum ba.

Sana'a Mai Hawa Da Sauka

Dabba dai akwai ta. Ƙidayar da aka yi tsakanin 2012 da 2015 ta nuna Chadi na da dabbobi kusan miliyan 94, a cikinsu shanu kusan miliyan 25. Har ma a 2020 ƙasar ta fara biyan Angola bashin dala miliyan 100 da shanu 75,000, a kan za a kammala cikin shekara 10. Matsalar falke ba rashin haja ba ce, hanya ce da canjin kuɗi.

Dattawanmu ba su manta da watan Janairun 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi. Nan take shanun Chadi suka yi araha a idon mai saye daga waje, fatake suka sha romo. Sai dai abin da ya hau dole ya sauko. Tsohuwar hanya ita ce a haye gadar Ngeli zuwa Kusiri ta ƙasar Kamaru, a bi Fotokol, a shiga Gamboru-Ngala, daga nan Dikwa sai Maiduguri. Rikicin Boko Haram ya toshe ta a 2014. Dole wasu suka gangara kudu ta Bongor, wasu suka zagaya tafkin Chadi ta arewa suka ɓullo Nijar. Kwanaki suka ƙaru, ladan masu kora ya ƙaru, shingayen jandarma da na duwan suka ƙaru, su kuma shanu suka isa kara a rame. Ana cikin haka naira ta faɗi a 2016, ta sake faɗuwa warwas a 2023, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin yuro. Sai ka ga mutum ya sayar da riba a Nijeriya, amma da ya je wurin ɗan canji riba ta bi ruwa, wani lokaci har da ɓangaren uwar kuɗi.

Bayan wannan ga na shekara-shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ciyawa ta ƙare, dusa da angurya su yi tsada. Da damina laka ta hana mota shiga lungu. Da kaka ne dabba ke cika ido, sannan mai raguna ya ƙura wa layya ido.

To, ɗan'uwa, a irin wannan sana'a mene ne jarin da ba ya ramewa? Amana. A kasuwannin Chadi akwai wanda ake kira damin, wato mai tsaya wa baƙo, kamar fatoma a wurinmu. Shi ke shaida cewa sa ba na sata ba ne, shi ake kamawa idan magana ta taso. Shi da dillali da mahaucin da ke karɓar bashi ya kai kwatar Farsha, duk sun san ka ne da ƙofar gidanka da masallacin da kake salla. Ran da ka tashi ba sallama, rabin wannan sanayya ka bari a baya. Mai binka zai ce gudu ka yi, wanda kake bi kuwa ya samu hutu.

Idan La'asar Ta Yi

Ba kullum ake kwana a kan lissafi ba. Mutumin Injamena yana son doki, kuma sukuwa tsohuwar al'ada ce a birnin. Falken da Allah Ya hore wa, da wuya ka raba shi da ingarma a turke, kuma nan ma bakin gari ya fi daɗi, don akwai filin kilisa. Samari su kuma ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali. Wannan na Gazelle, wancan na Renaissance, wani na Tourbillon, a yi ta musu har magariba. Manya sai su tuna musu da Japhet N'Doram, wanda ya tashi daga nan ya je ya ci gasar lig ta Faransa da ƙungiyar Nantes a 1995. Dattawa kuwa ga dara a gindin bishiya, ga shayi a kan gawayi.

Kada a raina wannan zama. A majalisar shayi ake jin farashin Masakori, a nan ake jin wace hanya ce ta buɗe, wane mai kora ne ya ci amana. Wanda ya koma sabuwar unguwa ya shige gida ya rufe ƙofa, ya rufe wa kansa labari. Abu ɗaya za mu ja kunne a kai: sha'awar doki daban, caca a kan doki daban. Kuɗin mutane da ke aljihunka ba na filin sukuwa ba ne.

Kafin Ka Ɗaure Kaya

Ga masu niyyar tashi, ga 'yan shawarwari.

Na farko, fili da damina ake duba shi. Ƙasar Injamena shimfiɗaɗɗiya ce mai yumɓu, ruwa ba ya saurin wucewa. Filin da ka gani tas a watan Maris yana iya zama kududdufi a watan Agusta.

Na biyu, takarda. Shaidar mai unguwa tana da kyau, amma kada ka tsaya nan. Bi ofishin filaye ka tabbatar ba a sayar wa mutum biyu ba, kuma ba a kan hanya ko filin hukuma yake ba.

Na uku, kada ka zuba uwar kuɗi a bulo. Gini ba ya haihuwa. Yi ɗaki biyu da katanga, saura a bari sai kasuwa ta yi kyau.

Na huɗu, lissafa ruwan sha na mutane da na dabba, da kuɗin kilando zuwa kasuwa, da nisan makarantar yara da asibiti. Uwargida ma a ji ta bakinta, don ita ce za ta wuni a wurin.

Na biyar, kuma shi ne babba: kafin mota ta zo kwasar kaya, zagaya wurin damin ɗinka da dillalanka da duk mai binka ko wanda kake bi. Nuna musu sabon gida da ƙafarka. A rubuta bashi a gaban shaidu, a faɗi adadin a fili, domin Balaraben Chadi da riyal yake ƙirga, kamar yadda namu ke ƙirga da dala, kowanne sefa 5 ne, kuma nan baƙo kan ruɗe. Sannan ka sanar da sakataren reshen ƙungiya ya gyara adireshinka a littafi.

Gida ana sake shi, hanya ana sake ta, har kuɗi ma ana sake musu daraja. Sunan kirki ne kaɗai in ya zube ba ya kwasuwa. Allah Ya sa a sauka lafiya, Ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.