Sakamakon Zaɓen Majalisar Dattijai na 1979, Jiha-Jiha

Ran 7 ga watan Yuli, 1979, jama'ar Nijeriya suka fita zaɓen 'yan Majalisar Dattijai, wanda shi ne na farko a jerin zaɓuɓɓukan da suka mayar da mulki hannun farar hula. Tsarin Mulki na 1979 ya ba kowace Jiha kujeru 5, ba tare da duba yawan mutanenta ba. Da yake Jihohi 19 ne a lokacin, kujerun suka kama 95. Manufar wannan tsari ita ce kada manyan Jihohi su danne ƙanana.

Jam'iyyu biyar Hukumar Zaɓe ta Tarayya ta yi wa rajista. Jam'iyyar NPN ta sami kujeru 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP kuwa 7.

A Jihohi 11 jam'iyya ɗaya ce ta kwashe kujerun duka. NPN ta cinye Sakkwato, Bauci, Neja da Binuwai. UPN ta cinye Legas, Ogun, Ondo da Oyo. NPP ta cinye Anambara da Imo, PRP kuma ta cinye Kano.

Sauran Jihohi 8 raba kujeru aka yi. A Kaduna NPN ta sami 3, PRP 2. A Kwara NPN 3, UPN 2. A Ribas NPN 3, NPP 2. A Kuros Riba NPN 3, GNPP 2. A Barno GNPP 4, a Filato NPP 4, a Bendel UPN 4, NPN kuma ta sami ɗai-ɗai a cikinsu. Gongola ce kaɗai aka raba uku: GNPP 2, UPN 2, NPN 1.

Babu jam'iyyar da ta kai kujeru 48 da ake bukata don samun rinjaye. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin Shugaban Ƙasa ba ya naɗa Minista sai da amincewar Majalisar Dattijai. Saboda haka NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta ƙulla yarjejeniya da NPP, suka haɗa kujeru 52, aka zaɓi Dakta Joseph Wayas Shugaban Majalisa. Yarjejeniyar ta wargaje a 1981.

A yau kowace daga cikin Jihohi 36 tana da kujeru 3, Abuja 1, jimla 109. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san mazaɓarsa da mai wakiltarsa.