Mai Keken Guragu Da Tashar Jirgin Ƙasa A Ingila

'Yan'uwa manoma, a cikin ƙungiyoyinmu akwai waɗanda shan-inna ko haɗarin mota ya ɗora a kan keke. Idan tafiya Ingila ta kama ɗayansu, ko don magani, ko kos, ko ganin 'ya'ya, wuyar da zai tarar tana tashar jirgin ƙasa. Shirinta kuwa tun daga gida ake yi.

A tasha abu biyu ke tare mai keke. Akwai matakala daga titi zuwa dakalin da jirgi ke tsayawa. Akwai kuma rata tsakanin dakalin da ƙofar tarago, wadda ƙafar keke kan faɗa ciki. Maganin matakala shi ne lif, wato ɗan ɗaki mai hawa da sauka da lantarki. Ratar kuwa, ma'aikaci ne zai kawo 'yar gada ta ƙarfe ya shimfiɗa.

To, ma'aikacin ba zai san da zuwanmu ba sai an gaya masa. Akwai tsari mai suna Passenger Assist, kuma kyauta ne. Tun daga 2022, ya isa a sanar da su awa 2 kafin tafiya. Mu dai shawararmu, a yi tun ana gobe tafiya, a kuma faɗi tashar sauka, don a jira mutum a can.

A auna keken kafin a bar gida. Gurbin da aka tanada a yawancin taragai na keke ne mai faɗin santimita 70, tsawon santimita 120, wato ƙafa huɗu ba kaɗan. Nauyin keke da mai shi kada ya wuce kilo 300, kamar buhun masara uku ke nan. Kekenmu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya dace da hanyar gona da kasuwa, amma sau da yawa ya fi gurbin tsawo. Gara a nemi mai naɗewa.

A Landan sai a yi hattara da jirgin ƙarƙashin ƙasa. An buɗe shi a 1863, lokacin da magina ba su tuna da gurgu ba, har yanzu kuwa wajen sulusin tashoshinsa ne kaɗai ake shiga ba matakala. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 ya fi sauƙi. Duk tashoshinsa 41 ana isa dakali ba hawan matakala, kuma yana ɗaukar fasinja tun daga filin jirgin sama na Heathrow.