Shiga jami'ar Harvard

Yau maganarmu bisa jami'ar Harvard ce, ta ƙasar Amurka. Shigarta da wuya ƙwarai. A shekara ta 2022, yara fiye da dubu 61 suka nemi wuri. Waɗanda aka ɗauka ba su kai dubu 2 ba. Cikin 100, kamar 3 ke nan.

Ƙoƙari cikin aji kaɗai bai isa ba, don yawancin masu nema gwanaye ne. Ana duba shaidar malamansu na lise, da takardar da yaro ya rubuta bisa kansa, da aikin da yake yi in an tashi lakwal.

Ɗan talaka kuwa, ko baƙo ne, in an ɗauke shi jami'ar ke biya masa. Amma sai ya iya Ingilishi sosai.