Nauyin da ke Wuyan Likitar Iyali

A ƙasar Gwandu akwai ciwon da mace ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa namiji ba, ko da kuwa likita ne. Sai ta yi ta fama a ɗaka, har ranar da za ta ji an ce asibiti kaza akwai likita mace. Shi ya sa duk inda likitar iyali ta zauna, ko a asibitin Kalgo ko a Asibitin Tunawa da Sarki Yahaya da ke Birnin Kebbi, ƙofarta ba ta rabo da layi. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai juna biyu, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, duk ita ce ke fara ganin su kafin a tura wanda ya kamata gaba.

Hanyar zuwa wannan kujera doguwa ce: shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa, sannan wasu shekarun na ƙwarewa da jarrabawa. Shekarun aure da goyo ke nan cif. Ga abokan aiki suna ta raguwa. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara 5, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba. Aikin wanda ya tafi kan wanda ya zauna yake faɗawa.

Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke jiran ta bayan ta tashi daga aiki. Ta kwana a asibiti, ta dawo ta tarar da girki da aikin makarantar yara, ga maƙwabciya a tsakar gida da takardar gwaji: "Likita, don Allah ɗan duba min wannan." Wajen biki ma ba ta tsira ba, ana rabon alkaki ana nuna mata ƙurji. In ta ce a zo asibiti gobe, sai a ce boko ya sa mata girman kai. In ta kasa zuwa suna ko ta'aziyya, dangin miji su ƙullace ta. A ganina wannan ya fi kwanan asibiti cin rai, domin shi kwanan asibiti yana da lokacin tashi.

Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa gajiyar da aiki ke tarawa matsala ce ta gaske. Alamunta su ne ƙarewar kuzari, fita daga ran aikin, da raguwar ƙwazo. Likitar da ta kai wannan hali takan gajarta sauraro, kuma a nan ake rubuta magani ba a gano ciwon ba.

Wajen rage mata wannan nauyi, gwamnati na da nata aikin: ƙarin ma'aikata, gida kusa da asibiti don kada ta riƙa bin hanya da dare, da ɗakin shayarwa. Maigida kuma ya ɗauke mata kai yara makaranta ranar da ta kwana a bakin aiki. Mu kuwa, in ba larurar gaggawa ba ce, mu yanki kati mu bi layi.